Rediyon da Ke Kama Yamai

"Wannan kuwa, Inna, har Jamus yake kamawa," in ji Ɗanmalam, yana murɗa kunnen wani ƙaton rediyo mai ƙyalli. "Ga London, ga Kaduna, ga Masar in kina son karatu. Kuma yana cin kaset. Duk Tanut babu irinsa sai a gidan kumandan."

"Wa gare ni a Jamus?" in ji Tabawa. "Yamai na ce maka. Sa mini Yamai in ji da kunnena."

Ɗanmalam ya dubi matar nan sama da ƙasa. Ya daɗe yana sayar da rediyo da tocila da pil, wato batir, a wannan rumfa ta kasuwar Tanut, ya ga masu saye iri-iri: 'yan ci-rani da suka dawo daga Kano aljihu cike, Buzaye masu neman wanda za su rataya a sirdin raƙumi, angwaye masu son abin da za a gani a yi magana. Amma dattijuwar ƙauye da ƙwarya a ka, kaushi a ƙafa, ta zo ita kaɗai tana zaɓen tasha, wannan kam yau ya fara gani. Ya murɗa, rediyon ya yi tari, ya yi fito, sai ga muryar Yamai tangaran, wani yana bayani a kan allurar dabbobi.

"To, kin ji. Kamar yana zaune kusa da ke."

Tabawa ta ɗaga kai. Idonta na kan wata siririyar waya da ta fito daga bayan rediyon, ta bi ginshiƙin rumfa, ta haye can ƙolin darbejiya.

Abin da ya kawo ta ba abin da za ta iya faɗa wa mai rumfa ba ne, ko da zai ba ta rediyon kyauta. A wannan mako ake kokawar ƙasa a Dosso, inda kowace jiha ke aika ƙartinta a nemi takobi, gidan rediyon Yamai kuma yana kawo wasan kai tsaye. Cikin waɗanda Damagaram ta aika akwai Yahuza, na ƙauyen Kwarin Dado. Jiya da yamma tana tsince wake a bayan danga, ta ji maza na dawowa daga ƙofar maigari suna cewa gobe bayan la'asar Damagaram za ta kara da jihar Tawa, kuma Yahuza zai shiga fili. Yahuza kuwa ɗanta ne, ɗan fari.

Ɗan fari a nan yankin Damargu, ai kowa ya san zancen. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta tambayar ko ya ci ko bai ci ba. Ranar da aka yaye Yahuza aka miƙa shi ga Kadi, yayar mijinta, wadda Allah bai ba haihuwa ba. A ɗakin Kadi ya girma, cikin gida ɗaya, tsakaninsa da Tabawa faɗin tsakar gida ne kawai. Da ƙyanda ta kwantar da shi, Kadi ce ta yi kuka a fili, Tabawa ta ci gaba da dakanta, aka yi ta yabon kunyarta. Da ya fara kayar da ƙarti a dandali bayan girbi, gari ya kan tashi kaf ya tafi kallo, har tsofaffi masu dogara sanda, ita ta zauna gida ta juya wa kiɗan baya. Labarin kayensa tsinta take yi, wani a bakin rijiya, wani ta kafar danga, kamar kaza a gindin turmi. Yanzu mijinta Hamidu ya rasu, furfura ta fara, kunnenta na hagu ya fara nauyi, kuma har yau ba ta taɓa tsayawa ta saurari sunan yaron nan ana kira a fili ba. Abin ya ishe ta, ya ishe ta ƙwarai. Da asuba ta kwance jar akuyarta, ta hau motar kasuwa, ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sayar da akuyar a kara, ta ƙulle abin da aka ba ta a bakin zane, ta nufo rumfar Ɗanmalam.

"Waccan wayar fa?" Ta nuna da haɓa.

"Af, wannan? Ɗan taimako ne, Inna."

"Taimako. To, ni ba darbejiya na zo saye ba. Cire ta."

Ya cire yana murmushin dole. Muryar Yamai ta ja baya, amma ana ji.

"Kin gani, har yanzu yana magana."

"A nan yana magana. Nan ai kan tudu kuke, ko kwanon sha ka kafa wa kunne sai ya kama Yamai. Mu garinmu a kwari yake, tudun rairayi gabas, tudun rairayi yamma. Mutum nawa suka sayi rediyo a nan yana zuba kamar maroƙi, suka isa gida ya zama bebe? Ɗauko rediyoyin mu je kududdufi, don in ji wanda ke magana a rami."

"Kududdufi? Ni, da kayana, ranar kasuwa? Haba, Inna, a ina aka taɓa yin haka?"

"Yau za a fara."

Ya ce wallahi ba zai je ba. Ita kuwa ba ta tsaya ja-in-ja ba, ta gyara ƙwaryarta ta nufi rumfar maƙwabcinsa, wanda tun ɗazu ya miƙo wuya yana jira. Ɗanmalam ya yi tsaki, ya kira ta, ya bar wa mai tocila na gefe ajiyar rumfa, ya rungumi ƙaton rediyon, ya rataya wani matsakaici a kafaɗa. Har sun juya sai ta hangi wani ƙarami a ƙasan tebur, baƙi, bayansa ya tsage an ɗaure da robar tayar keke.

"Har da wancan."

"Wancan ba na sayarwa ba ne. Na wani tsohon soja ne, ya kawo ya canza. Ni nake ɗan ji da shi."

"Ai shi ya sa na ce ka ɗauko. Mai kaya ba ya ajiye wa kansa maras kyau."

A hanya, suna ratsa 'yan tabarma da masu cuku, ya ɗan rage murya ya ce, "Duk wannan wahala don kokawa ce, ko? Kwanan nan kowa Yamai yake nema. Wa gare ki a ciki?"

"Ba ni da kowa."

"Haba dai, Inna."

"Wani yaro ne na wajen Kadi."

Ɗanmalam ya dube ta, ya kau da kai. Shi ma ɗan fari ne, ya san irin wannan amsa, da ita uwarsa ke amsawa in an tambaye ta shi. Bai ƙara tambaya ba.

Kududdufin na bayan kasuwa, inda masu bulo ke haƙar ƙasa, ya bushe ƙarau tun bayan damina. Tabawa ta tattare zane ta gangara har ƙasa, Ɗanmalam na biye yana santsi yana salati, yana kare ƙaton rediyon kamar jariri. Kafin ka ce me, bakin ramin ya cika da 'yan kallo. Wani mahauci ya ce ko aljanun rami za a sayar wa rediyo, wata mai fura ta ce a'a, kwaɗi ne suka aiko a kai musu labarin damina. Aka yi ta shewa. Tabawa ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Aka kunna babban. Ya yi ruri, ya yi shuuu, Yamai ta leƙo sau ɗaya, sai kiɗan Kaduna ya hau kanta ya danne. Ɗanmalam ya ja eriya har ƙarshe, ya juya gabas, ya juya yamma, a banza. Matsakaicin kuwa ko gaisuwa bai yi ba. Sannan aka kunna baƙin nan mai ɗaurin roba. Muryarsa 'yar siririya ce, kamar ta mutum a cikin tulu, amma kowace kalma tana fita, mutumin Yamai ya gama zancen allura ya shiga na rijiyoyi.

"Shi ne," in ji Tabawa.

"Inna, ki rufa mini asiri. Ga jama'a na kallo. Cewa za a yi Ɗanmalam ya cuci tsohuwa ya ba ta gwangwani."

"Su ce. Ni zan ji ko su?"

Suka daidaita a nan cikin ramin. Ta sa ya ɓare sababbin pil a gabanta ya zuba, ta sa ya karce wurin da Yamai take da ƙusa don kada ta ɓace mata. Da zai miƙa mata sai ya riƙe kaɗan ya ce, "Kada ki kunna a hanya, ki tanadi ƙarfinsa. In kin isa ya yi miki gardama, ki fita daga ɗaki, ki ɗaga shi sama. Sama yake so. Allah ya ba yaron wajen Kadi sa'a."

Ba ta ce amin da baki ba. Ta naɗe rediyon a tsumma, ta sa a ƙwarya, ta rufe da faifai.

Amma ina, abin da aka yi a kududdufi a gaban rabin kasuwa, wa zai rufe shi da faifai? Motar da ta ɗauko su cike take da mutanen Kwarin Dado da na ƙauyukan gaba, kowa na satar kallon ƙwaryar. Wata ta ce, "Tabawa, yau an yi sayayya mai nauyi." Ta ce, "Gishiri ne." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, ita ta kafa ido a kan hanya, ranta na ga rana, wadda ta riga ta karkata. Motar ta kafe a rairayi sau biyu, maza suka sauka suka tura, Tabawa na zaune tana jin kamar ta sauka ta ɗauki motar a ka.

Ana kiran la'asar suka shiga gari. A ƙofar maigari ta ga maza cirko-cirko a kan babban rediyon da gari duka ke saurara, an baje pil a kan tabarma ana shanya su a rana, wani yana ƙwanƙwasa ɗaya da dutse, wani yana ciza. Tun da aka fara kokawar suke barinsa a kunne safe da yamma, har da kaset a tsakani, yau ga ranar da ake so ta zo, ya mutu murus. Wanda aka aika Tanut sayen sababbi kuwa ya tsaya cin tsire, mota ta bar shi. Tabawa ta sunkuyar da kai ta wuce.

Ta yi salla a gurguje, ta saki asabarin ɗaki, ta zauna a bayan gado ta kunna a hankali. Nufinta ke nan tun farko, ta ji abinta a ɓoye, ba wanda ya sani, ba wanda aka ɓata wa. Rediyon ya ce shuuu. Ta duba karcen ƙusa, yana daidai. Ta juya shi, ta kai shi bakin ƙofa, shuuu. Ta fito tsakar gida, sai ta ji wani abu can nesa kamar ganga a cikin iska. Ta ɗaga shi bisa kai, gangar ta matso. Ta taka turmi ta tsaya a kai, sai ga muryar mai sharhi tana zuwa tana komawa: "...Damagaram... sun shigo fili... Tawa..." sai iska ta kwashe.

"La ilaha illallahu! Tabawa, me zan gani?"

Kadi ce, ta fito daga ɗakinta da carbi a hannu, idanunta sun yi ja, da gani tun safe take addu'a.

"Abin da kika gani, Yaya."

"Sauko, don Allah sauko kafin a shigo. Ke da duk garin nan ake misali da kunyarki? In labari ya zo ai zan faɗa miki, yaushe na taɓa hana ki?"

"Ba ki taɓa ba. Amma na gaji da saura, Yaya. Yau daga tukunya nake so."

Kafin Kadi ta sake magana sai ga gyaran murya daga zaure, Attahir ya shigo, wan marigayi Hamidu, babban gidan, da maza uku a bayansa sun tsaya a bakin danga. Ya ga matar ƙaninsa tsaye a kan turmi da rediyo bisa kai, ya tsaya kamar an dasa shi.

"Ashe gaskiya ne. Aka ce mini kin tara kasuwa a kududdufi, na ce ƙarya ake miki." Ya haɗiye fushi, ya miƙo hannu. "To, shi ke nan, Allah ya kawo mu ga amfaninsa. Kawo nan a kai ƙofar maigari a ɗaura masa waya, jama'a na jira. An kusa farawa."

"A kai ƙofar maigari, ni in zauna ina?"

"Inda kika saba zama."

"A bayan danga."

"A ɗakinki, da mutuncinki. Ke Tabawa, yau kika zo garin nan? Uwa ta kafa kunne tana sauraron ɗan fari a bainar jama'a? Uwa ba ta zancensa, ba ta jin zancensa. Haka muka tarar, haka za mu bari. Kada ki sa a yi da gidan nan."

"Yaya, akuyar wa aka sayar?"

"Ba zancen akuya ake ba."

"Tawa ce. Ni na yi kiwonta, ni na ja ta zuwa mota. Ku kuna da rediyo ya fi wannan girma sau nawa, kuka cinye masa rai da kaset. Wannan nawa ne, kuma da kunnena zan ji shi."

"To, ba ni pil ɗin kawai."

"Ko ɗaya."

Tun da aka kawo ta gidan nan tana yarinya ba ta taɓa haɗa ido da Attahir ba, yau ga shi tana kallonsa daga sama. Tsoro take ji, tsoro sosai. Amma rediyon ya sake kawo ganga, ya sake ɗaukewa, sai ta ji tsoron ya koma haushi. Ta waiga. A kusurwar gida ga babban rumbun ƙasa, tsanin gungume jingine da shi tun shekaranjiya da aka ɗebi hatsi. Duk wanda ya hau kansa, ana ganinsa daga masallaci har rijiya.

Ta sauko daga turmin, ta ɗaure rediyon a baya da gyale kamar goyo, ta kama tsanin.

"Tabawa!" in ji Kadi. "Za ki karye!"

"Ke! Sauko nan!" in ji Attahir.

Ta hau. Gwiwoyinta na ƙara, zane na kama ta, ta hau dai, har ta kai kafaɗar rumbun ta zauna a gefen murfin ciyawa, ta kafa dugadugai. Attahir ya kai hannu ga tsanin, ya tsaya. Dattijo kamarsa ya bi matar ƙaninsa kan rumbu ya yi kokawar ƙwace da ita, gari na kallo? Wannan ya fi abin da take yi muni. Ya saki tsanin yana huci.

Ta kwance goyon, ta ja eriya. Yamai ta fito fes, kamar an buɗe ƙofa. Ganguna, usur, ihun mutane, mai sharhi yana ta zuba. Nan da nan ta rage murya, ta rage, har sai da ya zama ita kaɗai ke ji, ta manna shi a kunnenta na dama.

"Ƙara murya mana!" wani ya yi kira daga bayan danga.

Ba ta ko dube shi ba. Labari ya kai ƙofar maigari, maza suka kwaso suka cika bayan gida, mata suka leƙo ta kan dangogi, har liman ya fito ya tsaya daga nesa kamar wanda ke duba gajimare. Gari guda ya ɗaga kai yana kallon fuskar mace ɗaya, ko za a karanta wani abu a kanta. Ai kuwa sun makara. Fuskar da aka horar shekara da shekaru kada ta motsa in an ambaci yaron nan, yau ce za ta motsa don su? Ta zauna shiru kamar mai tsefe kai.

Kaye biyu suka wuce, ɗaya na Tawa, ɗaya na Damagaram. Sannan mai sharhi ya ɗaga murya: "Ga Yahuza! Yahuza na Damagaram, ɗan Damargu, ɗan Kwarin Dado! Zai kara da Garba ɗan Tata, ƙaton Tawa, wanda bai taɓa ƙasa ba tun da aka buɗe fili!"

Sunan ya shiga kunnenta ya sauka har ciki. Ashe haka yake da daɗi in an kira shi da ƙarfi. Ta gyara zama.

"Sun sunkuya. Suna zagaye. Garba ya kai hannu, Yahuza ya kaɗe. Ya sake kaiwa. Kai, jama'a, Garba ya fi shi jiki nesa ba kusa ba! Ya kama wuya! Ya kama wuyan Yahuza yana dannawa, yana dannawa, gwiwar Yahuza ta kusa, ta kusa..."

Shuuu.

Iska ta juya, muryar ta tafi. Tabawa ta girgiza rediyon, ta karkata shi, babu. Ba ta san sa'ad da ta miƙe tsaye a kan rumbun ba. Kadi ta ƙwalla salati daga ƙasa, mata suka rufe baki. Ga ta nan tsaye, ƙafa ɗaya a kafaɗar rumbu, ɗaya a kan murfi, ɗankwali ya zame, furfura a waje, ta ɗaga rediyon ta karkatar da kai tana binsa da kunne, tana juyawa a hankali, yamma, kudu, yamma kuma. A ranta tana cewa, kai gwangwanin tsohon soja, in ka ci amanata yanzu, wallahi a rijiya za ka kwana.

"...ya zame! Ya zame masa! Ya shiga ƙasa ya kama ƙafa! Ya ɗaga! Yahuza ya ɗaga Garba ɗan Tata! Ƙasa! Ƙasa! Bayan Garba ya sha ƙasa! Damagaram!"

Ihun filin Dosso ya cika mata kunne har yana zafi. Ta koma ta zauna a hankali, ta jawo ɗankwalinta ta ɗaura da hannu ɗaya. Daɗi kamar ya kashe ta, amma fuskar nan ko gezau.

"Me ya faru?" in ji Attahir. "An shiga? Ke, an shiga ko ba a shiga ba?"

Ta ɗaga masa hannu alamar ya dakata, don mai sharhi ya ce ga gwanin nan an kawo shi ya gai da gida. Sai ga muryar, tana haki. Muryar da take ji kullum ta bayan danga tana ce wa Kadi ina tuwo, yau ga ta daga Dosso, a cikin kunnenta ita kaɗai.

"Na gode wa Allah. Ina gai da maigarinmu. Ina gai da Baba Attahir. Ina gai da Inna Kadi, Allah ya bar mini ita. Ina gai da samarin Kwarin Dado duka, da makaɗana." Sai ya yi shiru. Ɗan shiru ne, har mai sharhi ya fara magana, ya katse shi. "Da... da sauran mutanen gida."

Bai faɗi sunanta ba, kuma daidai ya yi, Kadi ta yi tarbiyya. Amma shirun nan, Tabawa ta san wurin wa ne. Abin ya yi mata ciwo, ya kuma yi mata daɗi, duka a lokaci guda. Ta kashe rediyon, ta tura eriya, ta zauna tana kallon tudun rairayi na yamma har idonta ya bushe, sannan ta mayar da goyonta ta juyo ta kama tsani.

Tana taka ƙasa aka yi mata caa. Maigari da kansa ya aiko a tambaya. Attahir ya matso, duk girman kan ya zube, don shi ma yaron nan ransa ne.

"Tabawa, don girman Allah. Ya yi kaye ko an kayar da shi?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta yi ƙasa da murya kamar amarya.

"Haba, Yaya. Ni? In yi zancen ɗan fari a bainar jama'a? Ina kunyata?"

Wani daga bayan danga ya tuntsire da dariya, aka ce masa ya yi shiru. Tabawa ta ratsa ta gefen Attahir ta nufi ɗakinta.

A bakin ƙofa Kadi ke tsaye, carbi ya faɗi ƙasa ba ta sani ba, hannayenta biyu a ƙirji. Ba ta tambaya ba, kallo kawai take yi. Wannan kam Tabawa ba za ta iya wuce ta ba. Matar da ta yi goyo, ta yi jinya, ta yi wanki, ta hana idonta barci. Ta tsaya dab da ita, ta sunkuya ta ɗauko mata carbin, ta sa mata a hannu.

"Yi guɗa, Yaya," ta ce a hankali. "Ke aka yarje wa."

Kadi ta dube ta, ta gane. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, muryar na karyewa da kuka, ta sake rangaɗawa. Gari ya ɗauka. Maza suka yi ta kabbara suna rungumar juna, wani ya ruga neman makaɗa, Attahir ya zauna a kan turmi yana share ido da bakin rawani.

Tabawa ta ɗaga asabari za ta shiga, sai ta hangi ɗaya daga cikin mazan gidan ya kama tsanin zai kwantar da shi a gindin danga, inda aka saba ajiyewa.

"Kai, bar shi nan," ta ce, da ƙarfin da kowa zai ji. "Gobe ma akwai kokawa."